Kompaila ta faɗi? A binciki dalili kafin a sauya zaɓi

Aikina shi ne harhaɗa manhajojin lissafi a kan kwamfutocin masu bincike, irin su OpenBLAS da LAPACK da NetCDF, da kuma WRF na masu hasashen yanayi. Ƙorafin da ya fi zo mini daga ɗaliban digiri na biyu da na uku shi ne, "Malam, kompaila ta faɗi, na gwada komai ya ƙi." Idan na tambayi me aka gwada, sai in tarar an kwaso zaɓuɓɓuka daga intanet an jera su wannan kan wancan, wani lokaci har aikin ya wuce. A nan ne hankalina yake tashi, domin wucewar harhaɗawa ba shaida ba ce cewa lissafin da zai fito daidai ne.

Faɗuwar kanta tana da sauƙin bincike idan aka natsu. A fara da saƙon kuskure na farko, ba na ƙarshe ba, kuma a sake gudanar da make -j1 don kada saƙonni su cakuɗe. Idan aka ga kalmar Killed kusa da cc1plus ko f951, galibi kompaila ba ta da laifi. RAM ce ta ƙare, Linux ta kashe aikin don ta ceci kanta, kuma umarnin dmesg zai nuna hakan ƙarara. Wanda ya buga make -j16 a kan kwamfuta mai gigabayit 8 ya sa ayyuka goma sha shida suna rububin wuri ɗaya. Ya koma -j2, ya yi haƙuri.

Idan kuwa yau ta faɗi a wannan fayil, gobe a wancan, to a tuhumi na'urar. Harhaɗawa aiki ne mai gasa firosesa, kuma a zafinmu na Maris da Afrilu, bayan ƙurar hunturu ta toshe fanka, na sha buɗe kwamfuta in tarar ƙura ta yi kauri a kan fankar har iska ba ta ratsawa. A share ta, a bar memtest86+ ya kwana yana gwada RAM ɗin.

Sai an ga "internal compiler error" a fayil ɗaya, layi ɗaya, kowane lokaci, sannan za a ce matsalar ta kompailar GCC ce. A sauke wannan fayil kaɗai daga -O3 zuwa -O2 ko -O1, a bar sauran yadda suke, a adana abin da -save-temps ya fitar a aika wa masu kula da GCC. Akwai kuma tsayawar da ba faɗuwa ba ce: tun GCC 10 na shekarar 2020, gfortran tana ƙin tsohon rubutun Fortran da nau'in bayanansa bai dace ba tsakanin kira da kira, kuma -fallow-argument-mismatch ne ke sassauta mata.

Shi kuma -march=native kamar ɗinka riga ne daidai jikin mutum ɗaya. An harhaɗa a kan firosesa mai AVX-512, an kai tsohuwar na'ura, sai "Illegal instruction". Ga OpenBLAS, DYNAMIC_ARCH=1 yana magance wannan.

Duk waɗannan suna da kirki, tunda suna tsayawa su gaya maka akwai matsala. Wanda ya fi damuna shi ne -Ofast, wanda ke ɗauke da -ffast-math a cikinsa. Wannan zaɓi yana ba kompaila izinin ta kauce wa ƙa'idar IEEE 754, wadda tun 1985 ita ke tsara yadda kwamfuta take lissafi da lambobi masu ɗigo. Gwada wannan a Python: (0.1 + 0.2) + 0.3 zai ba ka 0.6000000000000001, amma 0.1 + (0.2 + 0.3) zai ba ka 0.6. Ke nan jerin tarawa yana da tasiri, kuma marubutan laburaren kimiyya sun san haka, da gangan suke tsara jerinsu. Dabarar tara lambobi ta William Kahan tana riƙe ɗan ragowar da ke salwanta a kowace tarawa ta mayar da shi. A idon algebra wannan ragowa sifili ce, don haka kompailar da aka sakar wa mara tana iya share layin gaba ɗaya.

Mafi muni shi ne batun NaN, alamar da kwamfuta ke bayarwa idan lissafi ya lalace, misali raba sifili da sifili. Da -ffast-math kompaila tana ɗauka NaN ba zai taɓa faruwa ba, sai ta iya cire gwajin isnan da aka sa don kama shi. Shirin zai gama lafiya, taswirar ruwan sama ta fito da launuka masu kyau, ɗalibi ya sa ta a babi na huɗu na kundin bincikensa, babu wanda ya san lambobin sun gurɓace tun a tsakiya. Wannan yana ci mini rai, domin shekarun mutum ne a ciki.

Ɓarnar ma ba ta tsaya ga mai zaɓin ba. A 2022 mai bincike Brendan Dolan-Gavitt ya nuna cewa wasu ƙunshin Python, ciki har da gevent, da aka harhaɗa da wannan zaɓi suna sauya yanayin firosesa da zarar an loda su, sai lambobi mafiya ƙanƙanta su koma sifili a dukkan shirin, har a cikin NumPy da ba ruwansa. Sai a GCC 13 na 2023 aka daina wannan ɗabi'a ga laburaren haɗaka, kuma na'urori da yawa har yau tsofaffin kompaila suke ɗauke da su.

Matsayina shi ne a fara da -O2, a gudanar da gwaje-gwajen da laburaren ya zo da su har ƙarshe, a karanta sakamakon da ido. Mai son ƙarin gudu ya ƙara zaɓi ɗaya, ya sake gwaji, ya kwatanta lambobi. A rubuta sigar kompaila da duk zaɓin da aka yi amfani da su a ajiye tare da sakamakon bincike.

Malamai masu duba ayyukan ɗalibai, don Allah idan aka kawo muku sakamako, ku riƙa tambaya da waɗanne zaɓuɓɓuka aka harhaɗa manhajar, kuma ku nemi ganin rahoton gwajin kafin ku sa hannu.