Me Ya Sa Ƙanenka Yake Birgima a Ƙasa?

'Yan'uwa ɗalibai, yawancinmu muna da ƙane ko ƙanwa a gida. Da an karɓe masa abin wasa sai ya faɗi yana birgima, ko ya gartsa wa wani cizo, mu kuwa mu ce rigima ce da shi. Alhali sau da yawa kalmar da zai faɗi damuwarsa ce ya rasa.

Yaro yakan furta kalmarsa ta farko wajen shekara 1, ya fara haɗa kalmomi biyu, kamar "Umma ruwa", wajen shekara 2. A wannan lokacin ne birgima ta fi yawa, domin buƙatunsa sun fi kalmominsa yawa. Da zarar ya iya cewa "nawa ne" ko "ina jin tsoro", ya samu wata hanya ban da cizo.

Magana kuma tana taimaka masa ya riƙe kansa. Masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Rasha, Lev Vygotsky (1896–1934), ya lura cewa ƙananan yara sukan yi ta magana su kaɗai idan suna wasa. A ganinsa, umarnin da manya ke ba su ne suke maimaita wa kansu. Za ka ga yarinya ta miƙa hannu ga murhu, sai ta ce "a'a, zafi!" ta janye. Wajen shekara 7 wannan maganar takan koma ta zuci.

Har manya ma haka abin yake. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Amurka sun gano cewa ambaton sunan fushi ko tsoro yana rage motsin sashen ƙwaƙwalwa da ke harzuƙa mutum.

To, me za mu yi idan mun koma gida?

1. Ka faɗa masa sunan abin da yake ji: "Ka yi fushi ne don an ɗauke maka ƙwallo?"
2. Ka koya masa abin cewa: "Ce masa ya ba ka."
3. Ka yi masa tatsuniya, ka tambaye shi yadda Ƙoƙi ta ji da Gizo ya yaudare ta.
4. Idan ya kai shekara 2 bai fara magana ba, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, ka gaya wa iyaye a kai shi asibiti a duba kunnensa.

Duka na iya sa shi ya yi shiru, amma ba zai koya masa kalma ko ɗaya ba.