Yadda ake gyara matsalar girman allo a kwamfutar baƙuwa ta VirtualBox

Manhajar VirtualBox ta kamfanin Oracle tana ba da damar kunna kwamfuta a cikin kwamfuta, misali Ubuntu a cikin Windows. Ta zahirin ita ce mai masauki, wadda ke cikin taga kuma ita ce baƙuwa. Matsalar da aka fi cin karo da ita ita ce a faɗaɗa taga, amma allon baƙuwar ya maƙale a ɗan ƙaramin girma kamar 800x600, fili ya zagaye shi babu komai. Dalili kuwa shi ne baƙuwar ba ta san girman tagar ba sai wani direba a cikinta ya karɓo saƙon daga mai masauki. Duk gyaran ya ta'allaƙa ne a kan gano inda saƙon ya katse, kuma ana farawa da mafi sauƙi.

Da farko a buɗe jerin View a saman tagar, a tabbata an kunna Auto-resize Guest Display. Idan rubutun ya dushe, ba ya dannuwa, alama ce ta cewa direban ba ya aiki. Idan kuwa hoton yana miƙewa amma haruffa sun yi dishi-dishi, kuma jerin saman ya ɓace, to an faɗa yanayin Scaled Mode ne, wanda ke jan hoton kawai kamar roba. Ana fita daga cikinsa da danna Ctrl na dama tare da C.

Na biyu, a kashe baƙuwar gaba ɗaya, a shiga Settings, sashen Display. Tun daga siga ta 6.0 da ta fito a 2018, VMSVGA ne nau'in mai sarrafa hoton allo da aka tanada wa baƙuwar Linux, VBoxSVGA kuma na Windows 7 zuwa sama. Baƙuwar da aka ƙirƙira da tsohuwar siga kan zo da VBoxVGA, sai a canza shi. A nan ne kuma ake ƙara Video Memory zuwa 128 MB, domin ƙarancinsa yana hana allon kaiwa babban girma.

Na uku shi ne girka Guest Additions, wato kunshin da ke ɗauke da direban, kuma a nan mafi yawan matsalar take. A Linux, direban sai an harhaɗa shi daidai da kanel ɗin da ke aiki, wato zuciyar tsarin Linux, don haka dole a tanadi kayan haɗin tukuna. A Ubuntu ana buɗe Terminal a rubuta:

sudo apt install build-essential dkms linux-headers-$(uname -r)

Daga nan a je jerin Devices, a zaɓi Insert Guest Additions CD image, a shiga faifan da ya bayyana ta Terminal, a rubuta:

sudo sh ./VBoxLinuxAdditions.run

Kada a yi gaggawar rufe tagar. A karanta layukan ƙarshe, domin girkawar kan kai ƙarshe alhali haɗa direban ya gaza. Cikakken bayanin kuskuren yana cikin fayil ɗin /var/log/vboxadd-setup.log. Idan komai ya tafi daidai, sai a sake kunna baƙuwar. A baƙuwar Windows kuwa, fayil ɗin VBoxWindowsAdditions.exe ake dannawa a bi umarninsa.

Na huɗu, a tabbatar direban ya hau. A Linux, umarnin lsmod | grep vboxguest zai nuna layi idan yana aiki. Idan bai nuna komai ba, bai hau ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne baƙuwar da aka kunna wa Secure Boot tana ƙin karɓar direban da ba shi da sa hannu. Idan direban ya hau amma allon bai motsa ba, a duba ko shirin VBoxClient yana gudana, domin shi ke isar da sabon girman ga allon.

Wani lokaci komai na tafiya lafiya, sai ya tsaya bayan an sabunta manhajoji. Galibi sabon kanel ne ya shigo ba tare da direbansa ba, kuma umarnin sudo rcvboxadd setup yana sake haɗa shi. Haka nan idan aka sabunta VirtualBox a mai masauki, ya kamata a sake girka Guest Additions na wannan sigar a cikin baƙuwar.

Sauran manhajoji ma a kan wannan tsari suke: VMware na buƙatar open-vm-tools-desktop a baƙuwar Linux, QEMU mai amfani da SPICE kuma na buƙatar spice-vdagent.