Shawara ga Mai Sayen Taya a Garwa

Duk wanda Allah Ya hore wa mota a Garwa, ya kuma san irin zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni kan zarce 40 har kwalta ta yi laushi, ya kamata ya yi nazari kafin ya miƙa sefarsa ga mai taya. Idan zirga-zirgarsa ba ta wuce kasuwa da gadar Binuwai ba, sabuwar taya 'yar Sin mai rahusa ta wadatar, babu israfi a ciki; amma wanda ya lazimci hanyar Marwa, ko yake hawan dutsen nan na Ngaundare da kaya niƙi-niƙi, a ganina Michelin ko Bridgestone ta fi masa maslaha, domin ta fi jure zafi, birki kuma ya fi kama ta ranar ruwa.

Wadda nake tsoro ita ce 'yar gwanjo, mai kyawun zane alhali robarta ta tsufa. A dubi lambobi huɗu da ke gefenta: 2319, alal misali, na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Iska kuwa, a sa mai faci ya auna ta da sassafe, tun tayar ba ta ɗau zafi ba.