Lakwaja, Inda Kwara da Binuwai Suka Gamu

Ku ɗauko taswirar Nijeriya ku duba. Za ku ga manyan koguna biyu sun haɗu kamar rassan itace. Na yamma shi ne kogin Kwara, wanda ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratso ta kusa da Tambutu, ya bi ta Yamai, ya shigo ƙasarmu. Na gabas kuwa Binuwai ne, daga Kamaru ya fito, ya bi ta Garwa da Yola da Makurɗi. Daidai inda suka gamu, nan garin Lakwaja yake, a gindin wani dutse wai shi Patti.

Da rani na je garin, aikin makaranta ya kai ni. Wani malami da na sauka wurinsa ya ce mini, "Malam, wanda bai hau Patti ba bai ga Lakwaja ba." Saboda haka muka yi sammako, don garin akwai zafi ƙwarai, ga gumi. Ban ɓoye muku ba, sau uku ina tsayawa ina haki kafin mu kai. Bisan dutsen shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, har akwai wani tsohon gidan hutu na Gwamna Lugga a can.

Da muka juya gabas sai ga kogunan nan biyu shar a ƙarƙashinmu. Abin mamaki, ruwansu ba launi ɗaya ba ne, kuma ba su garwaya nan da nan, sai su yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa tukuna. Kwale-kwalen masunta kuwa sai ka ce tsinken tsintsiya a kan ruwa, don nisa.

To, me ya sa gari ya kafu a nan? Ku tuna, a zamanin da babu mota babu jirgin ƙasa, kogi shi ne babbar hanya. Duk mai kaya daga Nupe, ko daga Adamawa, ko daga bakin teku, tilas ya biyo ta wannan magama. Shi ya sa ake samun Nupawa da Kakanda da Igala da Ibira da Yarbawa da Hausawa a gari ɗaya. Turawa ma abin da suka gani ke nan. A ran 1 ga Janairu, 1900, a Lakwaja Lugga ya ɗaga tutar Ingila, ya ce Arewa ta koma hannunsu.

Akwai wani wuri a cikin gari da ya sanyaya mini jiki, watau kaburburan sarakunan da Turawa suka tuɓe suka kawo nan. Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, a Lakwaja ya rasu a 1926. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, mai waƙoƙi, shi ma a nan ya cika a 1924. Ku auna, mutum ya saba da iskar Kano, a kawo shi bakin ruwa cikin sauro, ya tsufa bai ƙara ganin ganuwar garinsu ba. Muka yi musu addu'a, muka wuce.

A da Lakwaja ƙaramin gari ne matse tsakanin dutse da ruwa. Tun 1991 da ya zama babban birnin Jihar Kogi ya yi ta faɗaɗa, mutane suka yi gini har bakin gaɓa. Nan fa matsala take. A ƙarshen damina kogunan biyu kan cika lokaci ɗaya, in kuma aka buɗe madatsar Lagdo ta Kamaru, sai Binuwai ya ƙara tumbatsa. A 2012 da 2022 ruwa ya ci gidaje da gonaki, ya datse hanyar Abuja, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye.

Ranar da zan tashi, malamin nan ya kai ni wani gida kusa da kogi, ya nuna mini zanen da ambaliya ta bari a jikin bango. Na miƙa hannuna sama, da ƙyar yatsana ya taɓa shi.