Idan Mota Ta Fara Rawa a Gudu, Ka Fara Duba Taya

Ƙorafin da na fi ji a gareji daga masu bin dogon titi shi ne: "Oga, a cikin gari lafiya lau take, amma da na taɓa 100 sai sitiyari ya kama rawa a hannuna." Yawancinsu kafin su iso wurina sun riga sun biya kuɗin alaimen, wasu har shakazoba sun canja, rawar kuma tana nan. Alaimen maganin mota ne mai karkata gefe ko mai cin taya ta ɓari ɗaya. Da wuya ya zama shi ke sa karkarwa.

Abin da nake fara tambaya shi ne yaushe rawar ke zuwa, kuma a ina kake jin ta. Amsar nan kaɗai tana rage rabin aiki.

In tana farawa wajen kilomita 80 zuwa 120 a awa, ko ka taka totur ko ka ɗaga ƙafa tana nan, to taya ce ko wili. In a sitiyari kake ji, ƙafafun gaba ne. In a kujera ne da ƙasan mota, na baya ne. Ga dalili. Tayar Corolla mai lamba 195/65 R15 tana cin kusan mita 2 a juyi ɗaya, wato a gudun 100 tana juyawa kamar sau 14 a daƙiƙa guda. Ɗan nauyin giram 30 da ya fi yawa a gefe ɗaya na bakin wili, a wannan gudun yana fizga da ƙarfin da ya haura kilo 4. In ka ninka gudu, fizgar tana ninkuwa sau huɗu, shi ya sa ba ka jin komai a 50. Kamar fankar sama ce da fiffike ɗaya ya lanƙwashe: a lamba ɗaya shiru, a lamba biyar kamar za ta faɗo.

Maganin wannan shi ne balansin a kan na'ura, inda ake maƙala 'yan ƙananan dalma a bakin wili. Dalmar nan tana faɗuwa in an daki rami, kuma mai faci da ya cire taya ya mayar ba tare da ya kula da inda take ba ya riga ya ɓata lissafin. Da damina ma, taɓon da ya bushe a cikin wili ya isa ya kawo rawa, wanki kawai yake so.

Sai dai akwai abin da balansin ba ya gyarawa, kuma nan ne nake samun saɓani da masu mota. Wilin da rami ya lanƙwasa ko tayar da wayoyinta suka saki ta yi ƙulu ba za su taɓa gudu sumul ba, ko dalma nawa aka jera musu. Ka ɗaga motar a jak, ka juya tayar da hannu, ka zuba ido a kan fuskarta, za ka ga tana hawa da sauka. Irin wannan tayar ita ce ke fashewa a zafin rana tsakanin Kano da Zariya. Wilin ƙarfe ana iya miƙe shi, tayar kuwa sai dai a jefar. Masu sayen taya 'yar Kwatano su duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Zanen taya yana iya zama da kauri alhali robar ta tsufa ta bushe.

In rawar ba ta zuwa sai ka taka birki daga gudu, har feda tana bugun ƙafarka, faifan birki ne ba ya daidai. A goge shi in yana da sauran kauri, in babu a sa sabo tare da sabon kushin birki.

In kuma sai ka matsa totur take zuwa, musamman a hawa, da ka ɗaga ƙafa ta ɗauke, shaf nake zargi, joyin ɗin ciki na kusa da giyabos. Sau da yawa robarsa ce ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga. A Hilux da Hiace masu ja da baya, farfela ake dubawa da kuros ɗinta. Motar da ke karkarwa ko tana tsaye a danja, wannan maganar inji ce, filogi ko kwayil ko robar da inji ke zaune a kai.

Tayarod da boljoyin da suka yi sako-sako ba kasafai suke haifar da rawa su kaɗai ba, amma suna ƙara mata ƙarfi, ita kuma tana ƙara cinye su. Boris ɗin ƙafa gurnani yake yi, yana ƙaruwa da gudu.

Kafin ka biya kowa ko sisi, duba notocin ƙafa da sifana, ka auna iska daidai da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, sannan ka mayar da tayoyin gaba baya. In rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, ka gano mai laifi. In kuwa kana kan hanya rawar ta taso maka kwatsam tana ƙaruwa, ka rage gudu a hankali ba tare da danna birki da ƙarfi ba, ka sauka gefe ka zagaya tayoyin huɗu da ido da hannu kafin ka ci gaba.