Hana Tallar Taba: Yana Rage Masu Sha?

Akan yi tambaya: in gwamnati ta hana tallar sigari, shin masu sha za su ragu? Amsar ta dangana ga irin hanin da aka yi.

Mu ɗauki Amurka. A watan Janairu 1971 aka hana tallar sigari a rediyo da talabijin. Kamfanoni ba su naɗe hannu ba. Sai suka juya kuɗinsu zuwa mujallu, allunan bakin hanya da ɗaukar nauyin wasanni, kamar tseren mota na Winston Cup. Shan taba bai ragu ba, ya ma ɗan ƙaru har zuwa 1973.

Ƙasar Norwe kuwa, a 1975, ta toshe kusan kowace kafa ta talla a lokaci ɗaya. A shekara ta 2000 masana biyu, Saffer da Chaloupka, suka nazarci ƙasashe 22. Suka gano cewa cikakken hani yana iya rage shan sigari da kusan kashi 7 cikin 100, amma hanin rabi-da-rabi kusan ba ya tasiri. Shi ya sa yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2003 ta nemi cikakken hani.

Ɗalibai, mu lura. Yawancin masu shan taba sun fara ne tun suna matasa, kuma mu ne talla take farauta. Jikinmu amana ce daga Allah. Mu tsare shi.