Nas ɗin da ta kwana a tsaye

Ni ke tsara jadawalin aikin nas-nas a sashenmu, don haka da 'yan'uwana masu riƙe da wannan alƙalami nake magana, sai kuma magidantan da matansu ke dutin dare.

Sinadarin kotisol, wanda ake sarrafa shi a saman ƙoda, yana da lokacinsa. Yakan yi ƙasa wajen tsakar dare, ya kai ƙololuwa kamar minti 30 zuwa 45 bayan an farka. To a daidai lokacin da ya kamata ya lafa ne ake shigo wa nas da mai jijjiga, ƙarin ruwan wani ya ƙare, ɗan'uwan majinyaci na ɗaga murya a bakin ƙofa. Kotisol da adiranalin su yi ta kwarara. Na dare ɗaya taimako ne, shi ke sa ta zabura. Idan abin ya ɗauki watanni, barci ya lalace, hawan jini ya leƙo, mantuwa ta shigo.

Mantuwar nan ce muke saurin kira sakaci. A 1997 wasu masana a Ostireliya, Dawson da Reid, sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa sun yi daidai da na wanda barasa ta fara taɓawa. A 2004 binciken Ann Rogers kan nas-nas a Amurka ya gano kuskure na ninkawa kusan sau uku idan aiki ya kai awa 12 da rabi. Mu kuwa sai mu haɗa wa yarinya yamma da dare saboda abokiyar aikinta ta tafi Ingila ko Saudiyya, sannan mu miƙa mata allurar insulin da ƙarfe huɗu na asuba.

Ɓarnar ba ta tsaya a ƙwaƙwalwa ba. Hasken fitila da dare yana danne melatonin, sinadarin da ke cikin masu kare ƙwayoyin gado na DNA, kuma rashin barci yana rage wa jiki ƙarfin gyara inda suka tsinke. Hukumar binciken cutar daji ta IARC da ke Faransa ta sa aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa daji, a 2007, ta sake tabbatarwa a 2019. Zato ne mai ƙarfi, ba hukunci ba, kada wata ta firgita ta ajiye aiki.

A sashenmu ba na jera wa kowa dare fiye da uku. Idan ɗaki ya lafa, su riƙa karɓa-karɓa suna runtsawa na minti 20. Maganin da ke kisa idan an zarce ƙima, mutum biyu ke duba shi kafin a bayar.

Malam mai gida, idan matarka ta dawo da safe, a sauke labule, a janye yara, tuwon rana wani ya tuƙa.